Tambayoyi da amsoshi kan "I feel funny": yadda Bature ke cewa yana jin wani iri

Wannan 'yar jimlar na cikin abubuwan da ke rikita masu koyon Turanci a wajenmu, dalili kuwa tun firamare aka koya mana cewa funny abin dariya ne, shikenan muka riƙe haka har girma. Sai kaga mutum na kallon fim, wata ta dafe kai tace "I feel funny" ta zube ƙasa, shi kuma yana ta jiran inda abin dariyar yake. Ga tambayoyin da ɗalibai suka fi yi a kanta, na amsa su yadda suka zo, wasu a taƙaice wasu kuma sai da na ɗan ja.

Malam wai me "I feel funny" take nufi ne? Dariya ce ke cin mutum?

Ko kusa. Ma'anarta ina jin wani iri, wato akwai abin da ba daidai ba a jikina ko a raina amma na kasa kama sunansa. Ba ciwon da ya kwantar da kai bane, ba kuma lafiya lau ba, tsakani ne. Irin wanda zaka tashi daga zaune kaji kanka ya ɗan yi fayau, ko bayan ka sha wani magani kaji jikinka ba naka ba, ko cikinka ya fara 'yan ƙananan maganganu bayan ka ci abincin biki. Duk wannan Bature zai ce "I feel funny", ko ya kama wurin yace "My stomach feels funny", "My head feels funny".

In dariya ce ke cinka sai kace "I feel like laughing". In kuma kai ne mai ba mutane dariya, "I am funny". Kaga ba hanyarsu ɗaya ba sam.

To ya zan gane wace funny ake nufi tunda kalma ɗaya ce?

Kalli aikataun da ya zo kafin ta. In kaji feel, taste, smell ko sound a gabanta to kusan kullum ma'anar baƙon abu ce. "This milk tastes funny" madarar nan ta fara juyawa kenan, kar ka sha. "The room smells funny" ɗakin na wani irin wari da ba a saba ba. "The engine sounds funny" kuma ita ce maganar da zaka yiwa makanike in injin motarka ya canza kuka, ba kace ya lalace ba amma kunnenka bai yarda da shi ba. In kuwa labari ne ko fim ko mutum akace "is funny" yawanci dariya ake nufi.

Wacce ta fi kama mutane ita ce "That's funny". Mutum ya laluba aljihu bai ji makullinsa ba, fuska a murtuke yace "That's funny, I put it here", toh wannan ba dariya a ciki, daidai take da mu muce ikon Allah, nan fa na ajiye shi. Fuska da murya su ke raba gardama. Su kansu masu harshen abin na rikita su wani lokacin, shi yasa suke da 'yar tambayar da suke yiwa juna, "funny ha-ha or funny strange?", wato na dariyar ko na mamakin. Kuma ba sabon abu bane, ma'anar dariya ta fara tun ƙarni na 18, ta baƙon abu ta biyo baya a farkon ƙarni na 19, dukkansu sun daɗe suna tafiya tare.

Jiki kawai ake faɗa da ita ko har da abin da ke ran mutum?

Har da rai, amma ginin jimlar na ɗan canzawa kuma nan ne nake so a nutsu.

In kace "I feel funny" ka tsaya, mai jinka zai ɗauka jiki ne, zai ce ka zauna ko ya miƙo maka ruwa. In ka ƙara about a bayanta toh ka koma maganar zuciya, jin nauyi ko tsarguwa ko rashin kwanciyar rai. Misali kana son rancen kuɗi wajen surukinka amma kana jin nauyi, "I feel funny about asking him". Ko an baka kyautar da ta fi ƙarfin alaƙarku har ka fara tunanin ko da wata a ƙasa, "I feel funny about taking it". Lura da cewa aikataun da ya biyo about sai ya ɗauki ing, asking, taking, going, ba a cewa "about ask".

Sai ta uku, "I have a funny feeling", wannan ita ce jikina ya bani. "I have a funny feeling he won't come", jikina na bani ba zai zo ba. Baka da hujja, babu wanda ya faɗa maka, kawai ranka ne ya faɗa maka. Ni a ganina wannan ta ukun ta fi sauran daɗin amfani ga Bahaushe don mun riga muna da irinta a bakinmu, kalmomin kawai zaka sauya.

Mu ai "I am feeling somehow" muke cewa, ba daidai bane?

Yauwa, na san za a zo nan. A Najeriya daidai ne, kowa zai gane ka, daga Sakkwato har Fatakwal in kace kana feeling somehow an san me kake nufi, a Pidgin ma haka ake cewa jiki na yin mutum somehow ko one kain. Kuma bana cikin masu raina Turancin Najeriya, a watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford da kansa ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, ciki har da Kannywood da okada da danfo, saboda haka Turancinmu ma Turanci ne.

Matsalar ita ce somehow ɗinmu bata da biza. A wajen ɗan Ingila ko ɗan Amurka somehow na nufin ta wata hanya, ko ta ƙaƙa, kamar "Somehow we got home", ko ta yaya dai mun isa gida. Toh in kace masa "I feel somehow" sai ya tsaya yana kallon bakinka yana jiran ragowar maganar, don a kunnensa jimlar bata ƙare ba, kamar kace masa ina jin ta wata hanya sannan kayi shiru. Haka "The food is somehow" ko "That man is somehow", duk mu ne kawai muke gane su.

Saboda haka ka riƙe biyun. Da abokanka a gida kayi somehow ɗinka babu mai hana ka. In kana magana da wanda ba ɗan ƙasa ba, ko a intabiyun neman gurbin karatu, ko kana can waje, sai ka ɗauko funny ko weird ko off. Abin da somehow ke yi mana a nan shi funny ke yi masu a can.

"I feel funny" ko "I am feeling funny", wanne ne daidai? Wani malami yace funnily ya kamata

Biyun farko duk daidai ne, kusan babu bambanci. In abin ya faro tun ɗazu kuma har yanzu bai sake ka ba sai kace "I've been feeling funny since morning". In ya wuce, "I felt funny".

Shi kuma malamin da yace funnily, Allah ya bashi haƙuri amma bai yi daidai ba. Feel, taste, smell, sound da look sifa suke ɗauka a irin wannan wurin ba bayanau ba, kamar yadda kake cewa "I feel happy" baka cewa happily. Inda zaka ji funnily shi ne a farkon magana, "Funnily enough", wato wani abin mamakin kuma.

Wasu kurakurai biyu da nake yawan gani a rubutun ɗalibai: "I feel myself funny", a cire myself ɗin nan dan Allah. Sai "My body is doing me funny", wannan Hausa ce ko Pidgin sanye da kwat, a wajen Bature jiki baya yin mutum. Sannan a san bambancin I da it. "I feel funny" ni ne nake jin wani iri, "It feels funny" abin ne ko yanayin ne ya zo min bambarakwai, misali ranar farko da ka sa tabarau, ko ka koma tsohuwar makarantarku kaga ajin da kake ganinsa ƙato ashe ɗan mitsitsi ne, "It feels funny to be back here".

Kuma su Turawa basu cika sakinta tsirara ba, suna ɗan rage mata kaifi, "a bit funny" a bakin 'yan Ingila, "kind of funny" ko "a little funny" a bakin Amurkawa. In ka sa ɗaya daga ciki maganarka zata fi kama da ta 'yan gida.

Meye bambancinta da weird, strange, odd da off?

'Yan gida ɗaya ne, nauyi ne ya bambanta. Funny ta fi sauƙi, abin bai kai ga tashin hankali ba. Weird ta fi ta ƙarfi kaɗan kuma ita matasa suka fi amfani da ita yanzu, in kana bin hirarsu a TikTok ko X ita zaka fi gani. Strange da odd sun fi natsuwa, su zaka iya rubutawa ba tare da an ce kayi wasa ba. Off kuma ina sonta don gajarta, "I feel a bit off today", yau dai bana jin daidai, kuma 'yan Ingila na faɗinta ga abincin da ya lalace, "The milk is off".

Akwai kuma "I'm not feeling myself today" ko "I don't feel like myself", yau ba ni bane. Da "under the weather" wacce ke nufin 'yar rashin lafiya mara tsanani irin mura da kasala, babu ruwanta da hadari ko ruwan sama.

Gargaɗi ɗaya ga masu karanta tsofaffin littattafan Turanci, zaku ci karo da queer da wannan ma'anar ta jin wani iri. Wancan zamanin ne, yanzu kalmar ta koma nufin wani abu daban kwata-kwata da ya shafi jinsi, kar ka ɗauko ta daga tsohon littafi kaje kana faɗa a gaban mutane.

Malam ni ɗaliba ce a Ingila, in naje asibiti zan iya cewa likita haka?

Zaki iya 'yar'uwa, amma ki fara da ita ne kawai, kar ki ƙare da ita. Ita wannan kalmar dama an yi ta ne don abin da mutum ya kasa bayyanawa, likita kuma bayani yake nema, tambayar da zai jefo miki nan take ita ce "Funny how?" ko "Can you describe it?". In baki shirya ba sai kiyi ta maimaita funny funny, lokacinki ya ƙare, a rubuta miki abin da ba shi ke damunki ba. Ki tafi da kalmominki a baki.

Jiri ko juwa, "dizzy". In kanki ne yayi fayau kamar zaki suma, "light-headed" ko "faint". Tashin zuciya, "nauseous", kuma ki lura a Ingila in kika ce "I feel sick" zasu ɗauka amai kike ji, a Amurka kuma rashin lafiya ce gaba ɗaya. In wani sashen jiki ya mutu baki jin taɓi, "numb". In kina jin tsira-tsira a hannu ko ƙafa, "pins and needles" ko "tingling". Bugun zuciya da sauri, "My heart is racing". Kasala, "weak" ko "tired". Sannan ki faɗi yaushe ya fara, a ina, me ke ƙara shi, ko kina azumi, ko kin sha wani magani har da na gargajiya in kin sha, kar ki ɓoye. Zaki kuma ji nas ko tsofaffin can na cewa wani "had a funny turn", wato jiri ko 'yar suma ta ɗebe shi na ɗan lokaci sannan ta sake shi.

Abu na ƙarshe kuma shi ya fi duka muhimmanci, kalmar tana da sauƙi amma wani lokacin abin da ke bayanta ba mai sauƙi bane. Mai ciwon suga da sugansa ya faɗi ƙasa zai iya cewa yana jin funny kawai alhali yana gumi yana karkarwa. Haka farkon shanyewar ɓarin jiki. In mutum yace haka kuma kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, ko maganarsa ta sarƙe, ko yana riƙe ƙirji, ba lokacin gyara Turanci bane, 999 ake kira a Ingila, 911 a Amurka, a Najeriya 112 ko a ɗauke shi a yi asibiti da shi nan take. In abin bai kai gaggawa ba amma hankalinki bai kwanta ba, a Ingila akwai 111 na neman shawara.

Zan iya rubuta ta a jarrabawar WAEC ko NECO, ko a takardar neman hutu a ofis?

A wasiƙar aboki ko a cikin labari inda kake kawo maganar wani, eh, zata ma ƙawata rubutun. A wasiƙar hukuma a'a. Kar ka rubutawa shugabanka cewa baka zo aiki ba don kana feeling funny, zai ɗauka raini ne. "I am unwell" ko "I am not feeling well" sun wadatar. A IELTS, jarrabawar gwajin Turanci ta masu fita waje, ma haka, ɓangaren magana ta dace, ɓangaren rubutun insha'i ka barta.

Ya ake furta ta? In na faɗa sai a ce in maimaita

Matsalar daga f take. Namu f ɗin na Hausa da leɓe biyu muke yinsa, shi yasa yake zamewa wani lokacin ya koma p wani lokacin ya koma h, musamman a bakin mutanen yamma da 'yan'uwanmu na Nijar. Toh a nan zamewar na da tsada, feel in ta zame ta zama peel ko heel, funny kuma ta zama honey, kaga ka tashi faɗin ciwo ka ɓige da kiran zuma. Na Turanci haƙoran sama ake ɗorawa kan leɓen ƙasa a hura iska, ka tsaya gaban madubi, in baka ga haƙoranka a kan leɓe ba toh baka yi ba. Sannan ka ja wasalin feel, fiil, in ka gajarta ta zama fill wato cikawa. Ita kuma funny gajeren wasali ne, ƙarfin a gaɓar farko. Mu mukan ce fani 'yan kudu su ce foni, kuma a wannan kam namu ya fi kusa da na masu harshen, sai a bamu wannan.

Fun da funny ɗaya ne?

A'a. Fun nishaɗi ne, funny dariya ko baƙon abu. In kaje biki ka ji daɗi "It was fun". In kace wa mai bikin "It was funny" zai koma gida yana tunanin me aka yi na abin kunya.

In wani yace min yana feeling funny me zan amsa?

Mu da sannu muka saba, sai mu fassara ta kai tsaye muce "Sorry". A Najeriya lafiya lau. A waje ma ba laifi bane amma sorry ita kaɗai takan sa su ce maka ai ba laifinka bane, don su a kunnensu ban haƙuri ce. Abin da suka saba ji shi ne tambaya, "Are you OK?", "What's wrong?", "Do you want to sit down?", "Shall I get you some water?". In kana son sannun taka ta fito sai ka cika ta, "Sorry to hear that". In kuma da about ya faɗa, wato abu ne a ransa, toh kujera da ruwa ba zasu yi ba, sai kace "Why, what's bothering you?" ka saurara.

Akwai inda kalmar ke zama zagi ko faɗa?

Sosai ma. Faɗin ta a kan kanka babu komai, jefa ta kan wani ne ke jawo magana. "You look funny" na iya nufin kamar baka da lafiya, tana kuma iya nufin shigarka abin dariya ce. "You smell funny" kam ko da wasa kar ka faɗawa wanda ba sa'anka ba. "He's been funny with me" na nufin ya canza min fuska kwana biyu, yana wani shan ƙamshi. "She looked at me funny" ta yi min wani irin kallo. In kaji ɗan Ingila yace "Are you being funny?" da murya a ƙasa, ba yabon barkwancinka yake ba, tambayarka yake ko rainin hankali kake masa. Haka in ya fara magana da "I'm not being funny, but", ka gyara zama, maganar da ba zata maka daɗi ba ce ke tafe. Sai "No funny business", ban da wasa-wasa ban da ha'inci, irin abin da mai gida zai faɗawa ɗan haya ko ɗan sanda ya faɗawa wanda ya kama.

Ga na'ura kuma babu faɗa, "My phone has gone funny", wayata ta fara hauka, tana danna kanta ko allon na rawa.

Na ji ana cewa funny bone, wane ƙashi ne wannan?

Ba ƙashi bane ma, jijiya ce. Wurin nan ne a bayan gwiwar hannu da in ka buge shi da ƙofa ko gefen teburi zakaji wani abu ya tsarga maka zirr har ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi, ga zafi ga mutuwar hannu ka rasa kuka zakayi ko dariya. Likitoci na kiranta ulnar nerve, a daidai wurin take bi ta kusa da fata babu tsokar da ta kare ta sosai shi yasa ɗan bugu kaɗan ke isar ta. Wasu na cewa sunan wasa da kalma ne don ƙashin dantse sunansa humerus kuma furucinsa ɗaya da humorous, wasu kuma suce kawai daga irin baƙon jin da yake sawa ne. In ta same ka abin da zaka ce shi ne "I hit my funny bone", ka murza wurin, cikin ɗan lokaci zai sake ka.